Bareyin Bayan Ɗakin Wanki

Maibula ce ke wankin masaukin baƙi na gandun dajin. Ba sunanta na gaskiya ba ne, hannuwanta ne suka ja mata shi, don bula ta riga ta kama gefen faratanta ta ƙi fita ko da ta yi hutu. Mijinta direba ne a wurin, shi ke ɗibar baƙi a buɗaɗɗiyar mota ya zagaya da su kallon namun daji. Ɗakin wankin yana can ƙarshen masaukin, bayan kicin, jikin rumfar janareta. Daga igiyoyin shanya sai wata 'yar ciyawa da ruwan wanki ke rayawa, daga nan kuma sai daji. Su biyu ne a ɗakin, ita da wani tsoho mai guga da take ce wa Baba, wanda kunnensa ya yi nauyi saboda shekarun da ya kwashe kusa da janareta.

Lokacin da suka zo wurin babu zaki ko ɗaya a dajin, an ce mafarauta sun ƙarar da su tun tuni. Bareyi sun saki jiki, sai su warwatsu a fadama kowace kanta a ƙasa, su ci su ƙoshi su kwanta a inuwa, mota ta zo dab da su ko kunne ba sa kaɗawa. Direba har yakan ce ba su da maraba da awakin gida, wani lokaci sai ya danna hon kafin su ba shi hanya.

Daga baya masu gandun suka kawo zakuna daga wani daji, a cikin keji, aka sake su. Maibula ba ta taɓa ganinsu ba, sai dai ta ji gurnaninsu da sassafe, sai kuma labarin da mijinta ke kawowa in sun zauna cin abinci. Ba a daɗe ba, in ji shi, bareyin suka zama wasu daban. Sun ƙaurace wa fadama duk da ciyawarta ta kai ƙugu, sun koma fako, inda babu abin kirki na ci amma ido na ganin nesa. Sun daina warwatsuwa, sai su cure wuri guda, in wasu na kiwo wasu kansu na sama. Ruwa ma ba sa zuwa sha da safe ko da yamma kamar da, sai rana ta take, zakunan na kwance suna haki, sannan su zo a ɗarare, su kurɓa su ja da baya. Sun rame har haƙarƙari ya fito. Kuraye kuwa, waɗanda da can ba a cika jin ɗuriyarsu ba, suka yawaita a kan ragowar da zakuna ke bari.

Abin da ya dami Direba baƙi ne. Sun zo ne su ga zaki ya kama nama, amma zakunan barci suke a ƙarƙashin sarƙaƙiya, bareyi kuma suna can nesa, da an matso su watse. Sai baƙin su dawo suna tsaki. Manaja, wani mai son farar riga da turare wanda bai daɗe da karɓar wurin ba, ya fara kiran direbobi ofis yana tambayarsu ko su ma barcin suke yi a kan sitiyari.

Wata safiya a farkon damina Maibula ta fito da bahon zannuwan gado a ka, sai ta hangi barewa tsaye bayan igiyar ƙarshe, a tsakanin tawul-tawul da ta shanya. Ba ta gudu ba. Ta dubi Maibula, ta juya, sai ga wasu 'yan ƙafafu biyu sun leƙo ta bayanta. Maibula ta sauke bahon a hankali ta tsuguna a inda take. A gaban idonta barewar ta haihu, ta lashe ɗan tas, sannan ta juya ta cinye mabiyiyar, har ciyawar da jini ya taɓa sai da ta tsinke ta haɗiye.

Maibula ta miƙe a hankali ta bar wurin. Da ta koma ciki ta gaya wa Baba, sai ya ɗaga murya kamar yadda ya saba, ya ce ai ba kwaɗayi ba ne, ƙarnin take kawarwa don kada ya kira kura. Ya ce janaretan nan da ya kashe masa kunne shi ya jawo barewar, don zaki ba ya son ƙara, ba ya kuma son warin mutum.

Kafin a jima bareyin suka ƙaru. Masu ciki suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, su haihu, su bar 'ya'yan a kwance cikin ciyawar, su koma gefen daji suna kiwo suna waiwaye. Sai lokaci-lokaci uwar ta zo da sauri ta shayar ta sake janyewa. 'Ya'yan kuwa lafewa suke yi da ƙasa, wuya a miƙe, kunnuwa a kwance, ko motsi. Ranar nan saura kaɗan Maibula ta taka ɗaya. Ƙafarta na dab da hancinsa amma ko ƙiftawa bai yi ba, sai 'yar fatar cikinsa ce ke rawa. Tun daga ranar ta matso da igiyoyinta kusa da bango, ta daina kaɗa zane da ƙarfi, ruwan ɗauraya kuma sai ta kai shi can gaba ta zuba don ciyawar ta yi tsawo.

Wata yamma mijinta ya dawo a murtuke, Manaja ya wanke shi tas a gaban baƙi. Ta zuba masa abinci yana ta juya cokali. Don ta ɗebe masa kewa ne ta ba shi labarin, tana dariya, ta ce shi yana ta ƙona mai yana neman bareyi a daji, ga su nan ita suna yi mata gadin shanya. Ya ajiye cokalin. Ya tambaye ta suna da yawa ne, wane lokaci iyayen ke zuwa, 'ya'yan suna gudu ko ba sa gudu. Ta amsa masa duka, har tana jin daɗi ya saki fuska.

Ba a rufa mako ba sai ga Manaja a ɗakin wanki, wurin da bai taɓa takawa ba, hankici a hanci saboda warin kwata. Rufin ɗakin na kankare ne shimfiɗaɗɗe, inda tankin ruwa yake. Ya taka tsani ya hau, Direba na biye da shi yana nuna masa da yatsa. Da suka sauko ya ba da umarni a kwance igiyoyin shanya a mai da su gaba, a ɗauke janareta a kai shi wancan gefen masaukin, kada kowa ya sake taka bayan ɗakin. Kafintoci suka zo suka kafa matakala da makari, aka hau da kujeru da tebura da manyan laimomin tare rana. Maibula ta ɗauka baƙi za a kawo su kalli 'yan bareyin. Abin bai yi mata daɗi ba, amma ta ce a ranta kallo ai ba ya cin nama.

Sai ranar da mijinta ya shigo gida da wani irin wari da ya riga shi shigowa. Ita da ta saba da wankin zanen da aka yi wa amai da tawul ɗin da aka goge komai da shi, sai da ta toshe hanci. Gaban rigarsa ya jiƙe da wani ruwa kore-kore, ga tsutsa biyu suna tafiya a naɗin ƙafar wandonsa. Ta tambaye shi ko mushe ya faɗa wa.

Da farko ya ce aikin kicin ne. Da ta tsare shi da ido ya faɗa mata. Kayan cikin saniya ne, tumbi da hanji, Manaja ya sa kuku ya ajiye a durom a rana har suka kumbura. Shi kuma ya ɗaure su da igiya a bayan mota, ya ja su tun daga sarƙaƙiyar da zakuna ke kwana har bayan ɗakin wanki, yana tsayawa yana farke hanjin don ruwan ya zuba a hanya. Gobe da yamma za a hau da baƙi sama.

"Baban yara," ta ce, "hanya ka share musu ke nan zuwa wurin jarirai."

"Ai cin su suke yi ko da ni ko ba ni. Haka Allah ya yi su."

"Allah ne ya ɗaura hanji a motarka?"

Ya ce ta daina yi masa wa'azi, Manaja ya yi masa alkawarin shugaban direbobi, ita ma ai za ta ci moriyar abin. Ya tuɓe rigar ya miƙa mata. Ta ƙi karɓa. Da ya yar a ƙasa, ta sa sanda ta tsame ta ta wurga waje.

Washegari aka aiko mata cewa ita za ta riƙe tiren tawul masu sanyi a sama, tunda wurinta ne kuma ta san matakalar. Ta so ta ce ba ta da lafiya, amma wani abu ya hana ta, kamar mai jin cewa in ba ta gani ba za a yi mata ƙarya daga baya. Rana ta yi sanyi, baƙi suka hau, maza da mata, wayoyi a hannu, aka zuba musu abin sha da ƙanƙara. Manaja yana zagayawa yana raɗa musu cewa su yi shiru, yau za su ga abin da ba kowa ke gani ba. Direba na tsaye jikin tanki da sabuwar riga.

Wurin ya yi tsit, babu janareta, babu shanya mai kaɗawa. Iyayen bareyin ne suka fara sani. Duk suka ɗaga kai lokaci guda, ɗaya ta buga ƙafa ta yi wani huci ta hanci. Maibula ta bi inda suke kallo.

Kuraye ne suka fito, babu zaki ko ɗaya, suna tafe gindi a ƙasa, hanci a kan layin da motar ta bi, miyau na dalala. Wani baƙo ya yi tsaki ya ce shi zaki aka ce masa. Manaja ya ce ya yi haƙuri, waɗannan ma suna da nasu.

Iyayen suka zabura suka tsaya nesa kaɗan, suna kai da kawowa. Ɗaya ta dawo a guje ta gifta ta gaban babbar kurar, ta sake giftawa, tana son ta ja ta, amma kurar ko kallonta ba ta yi ba. 'Ya'yan kuwa suka yi abin da suka iya, suka lafe. Daga sama ana ganinsu sarai, kowane a ɗan gurbinsa, wuya a miƙe. Kurar ta bi ciyawar tana shinshinawa kamar mai tsintar abu a tsakar gida, ta kai kan na farko ta ɗauke shi ta tsakiya. Sai a lokacin ya yi kuka, siriri, sau ɗaya. Sauran kurayen suka rufa mata, suka ja shi kowace ta nata gefen. Ƙarar ƙashi har sama.

Ba wannan ne ya fi tayar wa Maibula da zuciya ba, don kura ba ta san wani abu ba sai wannan. Abin da ta ji a bayanta ne. Wani mai tumbi yana tauna gyaɗa a hankali, idonsa a ƙasa, bakinsa na tafiya daidai da na kurar. Wata mata tana ƙorafi cewa wayarta ta ƙi ɗauka a daidai lokacin, tana tambayar Manaja ko akwai saura. Manaja ya ce akwai, ya nuna mata wani da ke kwance kusa da bango, wanda kurayen ba su gani ba tukuna. Mijin matar ya ɗauki ƙanƙara daga kofinsa ya jefa wurin. Ɗan barewar ya zabura ya miƙe a kan ƙafafunsa masu rawa, kurayen suka juyo. Aka yi tafi a hankali, irin na mutanen da aka ce kada su yi hayaniya.

Wani ya taɓa kafaɗar Maibula ya ce tawul, lemo ya zube masa a hannu. Ta miƙa masa. Ta dubi mijinta, ya kawar da kai yana murmushin da bai kai ciki ba. Ta dire tiren a kan tebur, ta sauka, ta durƙusa a bakin kwatar wanki ta amayar da duk abin da ke cikinta. Baba ya kawo mata ruwa a kofi.

Da safe ta zagaya baya duk da an hana. Ƙudaje sun rufe ciyawar. Ta ga ɗan kofato guda, bai kai babban yatsanta ba, da guntun kunne. Iyayen sun dawo, hantsarsu ta cika ta yi tauri, suna bin gurbi-gurbi suna shinshinawa suna wani ɗan kira ƙasa-ƙasa. Wasu 'ya'yan sun tsira a cikin kwalbatin kwata. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne wasu masu ciki biyu da ta gani a gefen daji suna nufo wurin, don ba su san wani wurin ba. A kicin kuma ta ji kuku na cewa an sake cika durom, manyan baƙi na tafe ƙarshen mako.

Ta koma ciki ta ɗauko bahon ƙarfe da muciyar juya wanki, ta fito tana bugawa iya ƙarfinta. Bareyin suka ɗan ja baya suka tsaya suna kallonta. Sun san ta, ba ta taɓa yi musu komai ba. Wata har ta sunkuyar da kai ta ci gaba da shinshina. Maibula ta ajiye bahon ta ɗauki dutse. Na farko ya wuce. Na biyu ya sami wata mai ciki a haƙarƙari, ta ji ƙarar har cikin haƙoranta. Barewar ta yi tsalle, ta tsaya, ta sake kallonta. Maibula ta ƙara mata wani, tana zaginta, hawaye da majina na zuba, tana ƙyamar hannunta kamar ba nata ba.

Ba a rana ɗaya suka yarda suka bar wurin ba. Kullum da sassafe, kafin Manaja ya fito, sai ta zagaya da duwatsu a gefen zane. Ta zaro 'ya'yan daga kwalbati ta kore su da tsintsiya har suka bi iyayensu suna tangaɗi. Baba ya ari lauje ya sassabe ciyawar, ita kuma ta bi wurin da ruwan bilic. Da aka kusa ƙarshen mako, inuwarta kawai za su hango daga nesa su juya a guje.

Manyan baƙin suka zo, aka hau da su sama, Direba ya sake jan abin da ya ja. Kuraye suka zo da wuri, sun fi na farko yawa. Babu komai a wurin sai ruɓaɓɓen tumbin da aka yar, suka hau faɗa a kansa suna birgima a cikin ruwansa. Iska ta juya ta kwaso ɗoyin ta kai saman rufin, ƙudaje suka biyo ta suka sauka a kofuna. Wata tsohuwa ta yi amai a kan takalmin Manaja. Kafin rana ta faɗi duk sun sauka, hankici a hanci, wani yana tambaya ko juji aka kawo su kallo.

Manaja bai nemi sanin abin da ya kori bareyin ba, wanda zai ɗora wa laifi ya nema. Ya ce Direba ne ya cika wurin da wari har ya kore su, ya karɓe makullin motar baƙi ya ba shi na motar shara.

Da Direba ya dawo gida ya zauna a bakin ƙofa ya dubi matarsa.

"Na san ke ce. Na ga ciyawar."

"Ni ce," ta ce tana tsane kwano. "Je ka gaya masa. Ai ka san hanyar ofis."

Bai je ba. Ya ɗauki bokiti ya wanke kayansa da kansa a bakin famfo, haka kuma ya ci gaba da yi, don ba ta sake taɓa su ba har damina ta wuce.

Bareyin ba su dawo ba, amma kurayen sun zauna. Sun gane hanya, sun kuma gane cewa inda mutane suke akwai abinci. Suna kifar da durom ɗin shara, suna cinye sabulu in an manta shi a waje, sun tauna takalman kuku da tiyon famfo. Dole aka dawo da janareta inda yake, aka ja shingen waya a bayan ɗakin, duk da haka sai a wayi gari a ga sun haƙa ta ƙasa. Kujerun saman rufi rana ta cinye su, babu wanda ya sake hawa.

Wata rana babban zanen tebur na ɗakin cin abinci ya ɓace daga igiya. Manaja ya aiko cewa a masaukinsa kaya ba sa ɓata, a nemo shi. Maibula ta same shi a bakin waya, kura ta ja shi ta kwana a kai, ya yi kaca-kaca da gashi da miyau da farin kashinta. Ta ɗauko shi a kan sanda ta kai har ƙofar ofis, ta ce ga shi, sai dai a ƙona. Manaja ya leƙo daga nesa, ya ce bai ga inda ya yage ba, a wanke a mayar.

Ta wanke shi, ta sa bula, Baba ya goge shi ya yi ƙyalli. Da mai jera tebur ya zo karɓa ya tambayi wane tebur za a shimfiɗa wa, sai ta ce na kusa da taga, inda Manaja ke cin abincin rana.